Ƙarin Haske ko Wankin Manhaja? Hoton Dare a Hajj Abdalla

Hajj Abdalla gari ne a ƙasar Sudan, a gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, a kan hanyar da ta tashi daga Wad Madani ta nufi Sinnar. A farkon shekarun 1920, tun kafin a gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, Turawan kamfanin auduga sun kafa injin ban-ruwa a nan suna gwajin noman da daga baya ya mamaye yankin Jazira. Auduga kuwa hannu take so, kuma cikin hannayen da ta samu akwai na Hausawa: alhazan ƙasa da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka, da 'yan hijirar da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno kudu da Sinnar. Jikokinsu na nan har yau a ƙauyukan bakin kogi da unguwannin gefen gonaki.

A wannan ƙasa rana ba ta barin kowa ya yi sha'ani. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka yawancin abin da ya cancanci hoto sai rana ta yi sanyi ko ta faɗi: shan ruwan azumi a kan tabarmi a bakin titi, karatun allo a gindin wuta, zaman Maulidi, wasan biki bayan lisha. Wutar lantarki kuma, wadda dama ba a cika dogara da ita ba, ta ƙara taɓarɓarewa tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, musamman bayan ya iso Jazira a Disambar shekarar. Mai hoto a nan, da kyamara yake aiki ko da waya, a cikin duhu yake neman abincinsa. Sai ya ɗaga ISO zuwa 3200 ko 6400. Hoto ya fito, amma ya fito da yashi: fuska ta yi tsaki-tsaki, duhun bayan mutane ya cika da ɗige-ɗige ja da kore.

Hanya biyu ake bi wajen maganin wannan yashi. Ko dai a ƙara wa kyamara haske tun a wurin ɗauka, ko a ɗauko hoton yadda ya samu a je a wanke shi da manhaja. Ana yawan maganarsu a matsayin zaɓi biyu masu nauyi ɗaya, wai kowa da wadda ta fi masa sauƙi. Ni ban ɗauke su daidai ba, kuma dalilina yana cikin asalin yashin kansa.

Laifin da ake ɗora wa ISO ba nasa ba ne. Haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, ƙwayoyin da masana kimiyya ke kira foton, kuma ba a jere suke faɗowa ba. Idan ɗigo ɗaya a farantin da ke kama haske a cikin kyamara ya kamata ya samu ƙwaya 100, wani zai samu 90, na kusa da shi 110. Saɓanin kusan kashi 10 cikin 100 ke nan, ido kuwa yana ganinsa sarai. Idan hasken ya kai ƙwaya 10,000 a kowane ɗigo, saɓanin kan tsaya wajen ƙwaya 100, wato kashi 1 cikin 100, wanda ba mai lura da shi. Ƙa'idar ba ta canzawa: duk lokacin da haske ya ninka sau 4, yashi ya ragu da rabi. Shi ISO ƙara wa abin da aka riga aka kama ƙarfi kawai yake yi. Duk wanda ya taɓa laluben Sashen Hausa na BBC a gajeren zango ya san abin: in tasha ba ta kama sosai ba, murɗa murya yana ƙara maganar, yana kuma ƙara shuuu ɗin da ke tare da ita, sai an ja eriya an juya akwatin sannan magana take fita tas.

Daga nan ne wani kuskure ya yaɗu tsakanin masu hoto. Mutum ya ji tsoron 3200, ya tsaya a 400, hoto ya fito baƙi ƙirin, ya je ya haskaka shi a kwamfuta. Yashin da zai samu bai gaza na 3200 ba, a tsofaffin kyamarori ma ya fi, domin akwai wani yashi na biyu da kayan lantarkin kyamara ke ƙarawa lokacin karanta hoto, shi kuwa ɗaga ISO rage tasirinsa yake yi. Zafi ma yana da nasa kason, amma sai a bidiyo da ɗauka mai tsawon daƙiƙoƙi, inda faranti ke ɗumama.

Akwai kuma matsalar da ta fi damun mai hoton Jazira fiye da na Landan. Maza a nan farar jallabiya da farin rawani suke sawa, fatar kuma baƙa ce. Ma'aunin hasken kyamara in ya ga fari ya cika masa ido sai ya rage haske don kada tufafi su ƙone. Riga ta fito da kyau, fuska ta faɗa cikin inuwa, inda ƙwayoyin haske suka fi ƙaranci. Ashe wurin da aka fi so a gani a hoton shi ne wurin da yashi ya fi taruwa.

Hanya ta farko ba ta da wani sirri. A buɗe ƙofar lensi, ko a ba haske lokaci, ko a matso da fitila. Yawancin kyamarorin Canon da Nikon na hannu da ke yawo a kasuwanninmu da lensi 18-55 suke zuwa, wanda in an zuƙo shi ƙofarsa ba ta wuce f/5.6. Lensin 50 mai f/1.8, wanda yana cikin mafi arha da waɗannan kamfanoni ke yi, yana shigar da haske kusan ninki 10 na wancan. Hoton da ya tilasta maka ISO 6400 sai ya samu a 640. Ban san wata manhaja da ke yin wannan aiki ba tare da ta karɓi wani abu a madadinsa ba.

Wannan lissafi shi ne ke warware abin da ke ba mutane haushi, wato a ga wayar yaro ta fi babbar kyamarar mai hoto kyau da dare. Farantin irin waɗannan kyamarori ya ninka na matsakaiciyar waya fiye da sau 10, gaskiya ne. Amma wayar da lensi mai f/1.8 ko kusa da haka take zuwa, mai kyamara kuwa ya toshe tasa da f/5.6, ya zubar da kusan duk fifikon da ya saya da tsada. Ran da ya canza lensi, tazarar ta dawo.

Fitila kuma nisanta ya fi girmanta muhimmanci. In an rage tazarar da ke tsakaninta da fuska da rabi, hasken ya ninka sau 4: daga 6400 an sauko 1600 ba a kashe ko fam ɗaya ba. Ƙaramar fitilar caji, irin wadda ake cikawa da farantin sola da rana, in yaro ya riƙe ta a gefe sama kaɗan da kai, ta fi ƙwan da ke rataye can saman rumfa amfani. Filasha in an harba ta kai tsaye tana sa gumi ƙyalli a goshi, ta ƙone farar riga, ta bar bayan mutane duhu. Masu littafin koyar da hoto sukan ce a harba ta sama rufin ɗaki ya dawo da hasken, sun manta akwai waɗanda bikinsu a tsakar gida ake yi, ba rufi sai taurari. A nan sai a nemi bango mai farar ƙasa, ko mutum biyu su miƙe yadin farin alawayyo a gefe a harba a jikinsa.

Kada kuma a raina filashar kai tsaye gaba ɗaya. Malick Sidibé na Bamako da ita ya bi wuraren rawar samari da 'yan mata cikin dare a shekarun 1960, da fim ɗin da ƙarfinsa bai kai ko kusa da abin da ƙaramar waya ke yi yau ba. Hotunan nan suna cikin abin da ya kai shi ga lambar Zakin Zinariya a Venis a 2007. Har yanzu ana iya ƙirga zaren rigar mutanen da ke cikinsu.

Inda hanya ta farko take gajiya shi ne motsi. Dattijo a zaune a kan darduma zai jure ɗauka ta kashi 1 cikin 30 na daƙiƙa, in mai hoto ya jingina da bango ko ya kafa kyamara a kan ƙafafunta. Masu rawa da yara kuwa sai kashi 1 cikin 250, hasken ya ragu kusan sau 8. Akwai kuma wuraren da ƙara haske rashin ladabi ne ko ɓata abin da ake son ɗauka. Ba a harba wa masu zikiri filasha a ido. Almajirai a gindin wuta, in ka haska su da farar fitila ka kashe jan hasken da ya sa ka ɗaga kyamara. A shekarun nan ma an yi dararen da kunna fitila mai ƙarfi a waje neman fitina ne.

Kafin a shiga hanya ta biyu, a ware wani abu da ake cakuɗa shi da ita. Tsarin ɗaukar dare na waya, wanda Huawei da Google suka yayata a 2018, Apple ta biyo a 2019, yanzu kuma har ya iso wayoyin Tecno da Infinix da ke hannun talakawa, rabinsa ɗan hanya ta farko ne. Wayar hotuna da yawa take ɗauka a jere, ta Google har 15 in a hannu take, ta daidaita su ta haɗe. Hoto 4 ya rage yashi da rabi, 16 ya mai da shi rubu'i. Tara haske ne na gaskiya, shi ya sa take cewa ka tsaya cik. Sauran rabin, inda take shafe fata ta ƙara launi, shi ne wanki.

Wankin ya daɗe ana gyara shi. Na farko-farko kowane ɗigo ake gauraya shi da maƙwabtansa, yashi ya tafi, kaifin hoto ma ya tafi. A 2005 Antoni Buades da Bartomeu Coll da Jean-Michel Morel suka fito da dabarar laluben wurare masu kama da juna a duk faɗin hoton a haɗa su. A 2007 masu bincike a Tampere ta ƙasar Finlan suka inganta ta da tsarin BM3D, wanda ya daɗe ana auna sauran da shi. Sai zamanin ƙirƙirarriyar basira ya zo: DxO ta fitar da DeepPRIME a 2020, Adobe ta sa nata a Lightroom a Afrilun 2023, watan da yaƙin Sudan ya fara. Waɗannan an horar da su ne da miliyoyin gutsattsarin hotuna bibbiyu, ɗaya mai yashi ɗaya mai tsabta, har suka iya hasashen yadda mai tsabtar ya kamata ya kasance.

A yi musu adalci, aikinsu yana ba da mamaki. Hoton ISO 12,800 da a da sai kwandon shara, yau ana wanke shi a buga a rataye. Amma hasashe hasashe ne. Abin da haske bai kawo ba, manhaja ba ta da inda za ta samo shi sai daga hotunan da ta taɓa gani. A Yunin 2020 an ba wata manhaja mai suna PULSE, ta masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka, hoton Barack Obama da aka dusashe, ta dawo da fuskar wani Bature. Aikinta ƙara girman hoto ne ba wanke yashi ba, kuma manhajojin wanki ba su kai ta ƙarfin hali ba, amma gidansu ɗaya: inda bayani ya yanke, a cike da abin da aka saba gani. A Maris 2023 ma an yi ta cece-kuce kan hotunan wata na wayoyin Samsung, bayan wani ya ɗauki dusasshen hoton wata daga allon kwamfuta wayar ta fito masa da ramukan da babu su a allon.

To me manhaja ta saba gani, me kuma ke gaban kyamara a ƙauyen Hausawan Jazira? Akwai tsohuwar da ta zo da askar gida a fuska, ko tsagar Gobirci, ko bille, ko 'yar baka, wadda shekaru suka sa ta lafa ta zama siririn layi a baƙar fata. Akwai maƙwabcinta Bashaigiye, ɗan wata ƙabilar Sudan, mai layi uku a kwance a kunci. Akwai aikin allura a hula da wuyan riga, da ƙananan rassan lallen amarya, irin zanen da har a Kano ake yi wa kirari da sunan Sudan. Duk waɗannan siraran abubuwa ne masu ɗan bambanci kaɗan da abin da ke kewaye da su, kuma a cikin duhu haka yashi yake. Manhaja ba ta san asali ba. Tana ganin layin da ya lafa a kunci ta lissafa shi cikin datti, ta shafe, ta miƙo maka tsohuwa mai fatar roba wadda jikokinta za su ce ta yi kyau amma ba ita ba ce. Garin gyaran gira an rasa ido.

Abin ya fi muni a takarda. Gidaje da dama suna riƙe da Alƙur'ani rubutun hannu, da wasiƙun ajami, da takardun gona. A rubutun da kakanni suka zo da shi daga yamma, harafin fa ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙaf ɗigonsa ɗaya a sama. Wasali da jan tawada ake yi, hamza da rawaya. Ɗigo ɗaya in ya ɓace harafi ya rikice. Jan wasali kuwa shi ne abin da mai cire yashin launi ke fara lashewa, domin a wurinsa ɗan jan ɗigo a kan takarda ba shi da maraba da ɗigon da duhu ya haifar. Bayan wawashe gidaje da makarantu da aka yi a Jazira, har da Jami'ar Jazira a Wad Madani, hoton takarda ya tashi daga abin sha'awa, wani lokaci shi kaɗai ne shaidar da ta rage. Irin wannan ba shi da hurumin ISO mai yawa sam. Takarda ba ta gudu. A jira safiya, a shimfiɗa ta a inuwa, a sa ISO 100, a kafa waya ko kyamara a kan abin da ba ya motsi.

Sai batun kuɗi, wanda ake cewa wai manhaja ta fi arha. A ina? Masu kyan cikinsu ɗanyen fayil na RAW suka fi so, suna son kwamfuta mai ƙarfi, a tsohuwar laftof hoto ɗaya kan ci mintuna. Mai hotunan biki ɗari uku da batirin sola ɗaya ya yi lissafi. Lightroom kuɗin wata-wata ake biya da katin banki mai aiki a waje. Masu aiki ta intanet kuma, mutanen Jazira ba su manta Fabrairun 2024 ba, lokacin da layukan waya suka ɗauke aka koma biyan kuɗin awa a wurin masu Starlink. Akwai na kyauta masu aiki ba intanet, irin su darktable da RawTherapee, kuma sun isa ga mai haƙurin koyo. Amma lensi ko fitila sau ɗaya ake saye.

Wani abin ma, yawancin yashin da ke hana mai hoto barci shi kaɗai ke ganinsa, don shi ne ke zuƙo hoto har ƙarshe yana leƙen ɗigo. Hoto mai ɗigo miliyan 24 in ya bi ta WhatsApp yadda aka saba turawa, ƙanƙance shi ake yi zuwa ɗan abin da bai kai ushirinsa ba, ɗigo goma sha wani abu su narke su zama ɗaya, yashin ya lafa da kansa. Haka in an buga shi a ƙaramar takarda. Sau da yawa an shafe fuskar mutum ne don maganin cutar da ba wanda zai gani.

Ban ce a jefar da manhaja ba. Hoton rawa da aka ɗauka a 6400 ya fito da kaifi da yashi ya fi wanda aka ɗauka a 800 ya fito a jirkice, domin yashi yana wankuwa, jirkicewa kuwa sai dai a yi haƙuri. Daren da ba a iya kunna fitila, da babu gara ba daɗi. A irin wannan a cire ɗige-ɗigen launi, su ne masu muni kuma ido bai cika kewar abin da ya tafi da su ba, sai fa in rubutu ne. Yashin da ba shi da launi a taɓa shi kaɗan a bar saura. A zuƙo fuska a duba kafin wanki da bayansa, in layi ɗaya na aska ko na tsufa ya ɓace, a ja da baya. A waya kuma a kashe tsarin gyaran fuska, wanda wasu wayoyin da shi a kunne suke zuwa. Asalin fayil ɗin kada a goge shi. Gasar World Press Photo ba ta ba da lambar yabo sai ta ga na asali, kuma manhajar baɗi za ta fi ta bana iya wanki, amma sai in ta tarar da abin wankewa.

Hukuncina dai haske ne uban tafiya, manhaja 'yar rakiya. Mai kuɗin abu ɗaya ya sayi lensi mai faɗin ƙofa ko fitilar caji.

Ku kuma samarin Hajj Abdalla da Mai Wurno da sauran ƙauyuka masu waya a aljihu, tsofaffin da suka rage da askar gida a fuska ba su da yawa, kuma an daina yi wa yara. Kada ku jira daren biki ku ɗauke su a cikin taro. Ku je ku gaishe su da hantsi, ku nemi izini, ku zaunar da su a inuwar ƙofar ɗaki suna fuskantar haske, ku ɗauka a ISO 100 ba gyaran fuska. Ku rubuta sunan kowa da garin da iyayensa suka taso, ku tura wa 'yan uwa a matsayin fayil don kada WhatsApp ya ƙanƙance shi.